Kitson 'Yar Maƙwabciya

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na raka Gimbiya makaranta na dawo. Littafin nan na saye shi ne don rubuta kalmomin yaren mutanen garin nan, shafi uku kawai na cika tun bara, to bari ya yi wani amfanin. Abban Gimbiya ya ce in daina maganar ranar Asabar da kowa, har a waya. Bai ce kada in yi ta da takarda ba.

A bakin makaranta yau ba wanda ya ce min ci kanki. Iyaye na tsaye kamar kullum, kowa da kofin shayinsa a hannu, sai dai inda na tsaya ya zama fili, kamar an zubar da ruwan wanki a wurin. Maƙwabciyarmu da muke kira Mai Keke ta ɗauko 'yarta, wadda muke ce wa Jar Hula, a bayan keke, ta sauke ta a ɗaya ƙofar, ta wajen da ake ajiye motoci. Wata goma sha huɗu muna haɗuwa a ƙofa ɗaya. Gimbiya ta ɗaga wa ƙawarta hannu. Yarinyar ta fara ɗagawa, uwar ta dafa kafaɗarta ta juya ta suka shige.

An tsefe kitson. Na gani ta ƙasan hular.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Malamar ajinsu ta tare ni lokacin tashi, ta ce Gimbiya ba ta ce uffan ba yau, ko da aka kira sunanta kai kawai ta gyaɗa. Wannan hanyar mun taɓa bin ta. Da muka zo ƙasar nan wata takwas cur yarinyar nan ta yi ba ta buɗe baki a makaranta ba. A gida surutu kamar rediyo, a aji kuwa tsit. Har likita aka tura mu, ya leƙa kunne ya leƙa maƙogwaro ya ce lafiyarta ƙalau. Jar Hula ce ta buɗe bakin. Kullum sai ta zauna kusa da ita tana zuba, a amsa ko kada a amsa, har ranar da Gimbiya ta gaji ta ce mata ta yi shiru. Kalmarta ta farko ke nan a yarensu, kuma tun daga ranar ba su rabu ba.

Ita kaɗai ce ƙawarta a duk faɗin garin nan, kuma ni na jawo aka raba su.

Talata, 5 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Zan rubuta sau ɗaya in huta.

Ranar Asabar bayan azahar Gimbiya ta tafi filin wasan yara da ke ƙarshen layinmu. Daga tagar kicin ina hango lilon, shi ya sa nake barin ta. Saboda filin nan ma muka zaɓi unguwar, wai unguwar masu iyali ce, ba hayaniya, mota ba ta gudu. Can sai ga ta ta dawo riƙe da hannun Jar Hula. Karo na farko ke nan da yarinyar ta taka cikin gidanmu. Na yi abin da kowace uwa za ta yi a inda na fito. Na wanke musu hannu, na zuba musu shinkafa a faranti ɗaya, suka cinye tas, baƙuwar har da neman ƙari.

Sai ta fara shafa kan Gimbiya tana magana. Gimbiya ta ce, "Umma, wai tana son irin nawa." Na ce ta cire hular ta zauna. Gashin kamar na masara, ina kamawa yana sulɓewa, sai da na sa mai na bi a hankali. Guda takwas na tsaga mata zuwa baya. Suna ta hira suna dariya, ni kuma ina ta tsokanar su da ɗan guntun yaren da na iya. Rabon da falon nan ya ji hayaniya irin wannan tun ranar da masu kawo kaya suka shigo da kujeru.

Awa biyu ashe. Ni ban duba agogo ba.

Da aka buga ƙofa na buɗe da mataji a hannuna. 'Yan sanda biyu, a bayansu Mai Keke ba takalmi a ƙafarta, gwiwoyin wandonta duk taɓo. Ashe tana zaune a benci a filin wasan aka kira ta a waya, ta ɗago ta ga ba 'ya. Duk layin sun fito nema, har tafkin bayan gidaje aka shiga da sanda. Ni kuwa da na gan ta sai na yi murmushi, na matsa gefe don ta ga yadda kan 'yarta ya yi kyau. Wannan murmushin ne har yau in na tuna nake jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ba ta yi min ihu ba. Ta durƙusa ta rungume yarinyar tana shafa ta ko'ina kamar mai neman rauni. Ɗan sandan ya fara tambayoyi, yaren nan da nake taƙama na fara iyawa ya gudu daga kaina gaba ɗaya. Abban Gimbiya yana wurin aiki. Gimbiya ce ta yi tafinta, yarinya 'yar shekara bakwai. "Umma, yana cewa me ya sa kika ɗauke ta." Na ce ban ɗauke ta ba, zuwa ta yi. "Yana cewa me ya sa ba ki gaya wa mamanta ba." Ni ban ma san sai an gaya mata ba. A wurinmu in yaro ya ɓace awa biyu, gidan maƙwabta ake fara leƙawa, ba tafki ba.

Ya yi wata tambayar, na amsa. Suka ce ba za su tafi da ni ba, amma za su miƙa rahoto ofishin kula da yara.

Shi ke nan abin da ya faru.

Laraba, 6 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Gimbiya ba ta yi magana a aji ba.

Alhamis, 7 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

An sa doguwar sanarwa a guruf ɗin iyayen unguwa na waya. Na ba Abban Gimbiya ya karanta min. Na san shi, in yana fassara abu yana sosa gemu to ragewa yake yi. Ya ce wai ana tunatar da iyaye su ja wa yara kunne kada su shiga gidan da ba a sani ba. Na ce wane gida ne ba a sani ba? Wata goma sha huɗu ina fitar da shara ranar da suka ce, kwalba a koren bokiti, takarda a shuɗi, ban taɓa haɗawa ba. Tsohon da ke gefenmu da ya yi tafiya ni na ba furanninsa ruwa sati biyu.

Ya ce, "Malama, ki bar shi ya wuce. Mutanen nan in ba ka tanka ba mantawa suke yi."

Malama yake ce min in yana son in sauko, don shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da 'yan aji biyu kafin aikinsa ya kawo mu nan. Na ce su manta ko kada su manta ba shi ne damuwata ba, 'yarka ta koma bebiya. Ya ce za ta warware. Ya ɗauki kwamfutarsa ya shiga ɗaki. Gajiya ce da shi, ban ga laifinsa ba, amma raina ya ɓaci.

Asabar, 9 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Anti Nas ta zo. 'Yar wajenmu ce, shekara goma sha biyar tana aiki a asibiti a cikin gari, bas biyu ta hau kafin ta iso. Tun ba ta cire takalmi ba ta fara yi min wankin babban bargo.

"Ƙanwata, ke da iliminki? A nan ko alewa ba a miƙa wa ɗan wani sai an tambayi uwarsa. Wasan yara ma a kalanda ake rubuta shi, ranar kaza, ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza. Ke kuma kin shigar, kin ciyar, har da taɓa kai."

Na ce, "Anti, to yarinya ta shigo gidana in kore ta?"

Ta ce, "Ki tsayar da ita a bakin ƙofa ki kira uwarta."

Na yi dariya, na zaci wasa take yi. Ba ta yi dariya ba. Ta ce in rubuta takardar ban haƙuri in jefa a akwatin wasiƙarsu, kada in kuskura in je da ƙafata. Na ce ban haƙuri a takarda, kamar mai neman aiki? Ta ce ta dai gaya min. Ta sha shayi kofi biyu, ta yi wa Gimbiya wasa, Gimbiya ta amsa gaisuwa kawai ta koma ɗaki.

Lahadi, 10 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ban ji maganar Anti ba. Na ga kamar raini ne mutum ya yi laifi irin wannan ya aika takarda. Na matsa wa Abban Gimbiya ya sa babbar riga, na yi shiga ta mutunci, muka taka gida shida zuwa ƙofarsu. Kekenta na jingine a bango, da ɗan ƙaramin kusa da shi. Muka danna ƙararrawa.

Ba a buɗe ba. Ta 'yar na'urar jikin ƙofa ta yi magana, muryarta ba faɗa a ciki. Abban Gimbiya ya saurara, ya ce to, ya yi godiya, ya ce mu tafi. Sai da muka kai rabin hanya na ce me ta ce. Wannan karon bai sosa gemu ba. Ta ce don Allah kada mu sake zuwa gidanta ba tare da sanarwa ba, yarinyar ta gan mu ta taga tana kuka.

A kan hanyarmu ta dawowa maza uku suna yanke ciyawa a ƙofar gidajensu. Duk ukun injin ya zama abin kallo a wurinsu.

Talata, 12 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Shiru a aji. An canza wa Jar Hula wurin zama, uwar ce ta roƙa.

Laraba, 13 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na yi wanki, na shanya a bayan gida inda ba a gani daga titi, don haka dokar unguwa ta ce. Na goge kicin da ba datti. Bas ya wuce ba kowa a ciki, bayan minti ashirin wani ya wuce. Na gaji, kuma ban yi komai ba.

Alhamis, 14 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Inna ta kira daga gida. Ta ce muryata ba daidai ba, na yi ta kwana-kwana har na gaya mata rabi. Ta ce, "To ni ban gane ba, 'yar nan. Wa ya mutu?" Na ce ba wanda ya mutu. Ta ce, "Kitson ne bai yi kyau ba?" Na yi dariya har hawaye, daga baya hawayen ya ƙi tsayawa. A bayanta ina jin yara, sun fi biyar, kuma na san ko ɗaya ba na gidan ba ne. Wani yana kuka tana ce masa ya je ya ɗauko kofi.

Ta ce a ba ta takwararta. Gimbiya ta karɓi wayar ta ce "Ina wuni, Inna," daga nan sai eh da a'a. Inna ta ce min, "Yarinyar nan akwai abin da ta haɗiye." Na ce makaranta ce. Ta ce to.

Litinin, 18 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Matar ofishin kula da yara ta zo ƙarfe goma daidai, da fayil da kuma tafinta a waya. Mutuniyar kirki ce, har takalmi ta cire. Ta duba ɗakin Gimbiya, ta buɗe firij, ta tambayi ƙarfe nawa take barci, wa ke yi mata wanka, ko ina dukan ta. Ni da na riƙe yara sittin da huɗu a aji ɗaya, ba fanka, ba wanda ya taɓa ɓata a hannuna, yau ana duba ko na iya riƙon guda ɗaya. Na amsa abin da aka tambaye ni kawai.

Ta ce in ba ta labarin ranar Asabar. Na ba ta. Ta rubuta. Ta ce a inda na fito haka ake yi? Na ce haka ake yi, yaro yakan ci a gida uku kafin magariba. Ta yi murmushi ta ce kakarta ma ta ce da haka garin nan yake.

Sannan ta buɗe takardar 'yan sanda ta ce maƙwabta sun yi kusan rabin awa suna kiran sunan yarinyar a layin nan, ban ji ba?

Na ce taga a rufe take.

Ta dubi tagar falo, ta rubuta. Ta ce a ganinta ba wata matsala, rashin sanin al'ada ne, za ta rufe fayil. Ta bar min wata 'yar takarda mai hotuna a kan yadda ake shirya ziyarar yara. Da ta fita na zauna a inda ta tashi. Ya kamata in ji sauƙi.

Talata, 19 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Abban Gimbiya ya ce alhamdu lillahi, magana ta ƙare. Gimbiya ba ta yi magana a aji ba. Kwana goma sha biyu na makaranta ke nan.

Laraba, 20 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ina tsefe wa Gimbiya kai, tana zaune tsakanin ƙafafuna a daidai inda ƙawarta ta zauna. Ba ta juyo ba ta ce, "Umma, in mutum ya faɗi ƙaryar wani, shi ma ya yi ƙarya?"

Mataji ya tsaya a hannuna. Na ce wa ya gaya mata haka. Ta ce ba kowa.

To, bari in rubuta, tunda dai takarda ce.

Taga a buɗe take. Zafi ake yi ranar, ni da hannuna na buɗe ta. Na ji ana kiran sunan yarinyar, tun daga nesa har muryar ta matso. Ita yarinyar hankalinta na kan madubi, amma Gimbiya ta ji, ta ce, "Umma, ana kiran ta." Na ce saura guda biyu, in na gama za ta je. Na ɗauka kiran abinci ne, irin wanda uwa ke yi wa yaro sau goma kafin ya zo. Haka nake gaya wa kaina, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma akwai saura. Daɗi nake ji. Gidana ya cika, hannuna na cikin gashin yarinya, ana dariya, ban so a tashi ba. Na yi kunnen uwar shegu da muryar uwa tana kiran 'yarta, don in ƙara minti ashirin.

Da ɗan sandan ya tambaya ko ban ji kira ba, na ce wa Gimbiya ta ce masa ban ji ba. Ta kalle ni. Na ce ki faɗa masa. Ta faɗa. Wannan ce magana ta ƙarshe da ta yi a yarensu.

Na juyo da ita na ce, "A'a, Mamana, ke ba ki yi ƙarya ba. Ni na yi, na ara bakinki. Ki yafe min." Ban taɓa neman gafarar yaro ba a rayuwata. Ta ce to, ta juya ta ba ni kan na ci gaba da tsifa.

Alhamis, 21 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na rubuta takardar da Anti ta ce, amma ba irin wadda take nufi ba. Da ƙamus na yi ta, awa uku, layi bakwai. Na ce na ji kiran, ban fito ba. Na ce ba na neman ta yafe min. Na ce 'yata ta gaya min ana kira, ni na hana, don haka kada a hukunta ta da laifina, ba ta da kowa sai 'yarki.

Abban Gimbiya ya karanta kafin ya fita ya ce, "Malama, kin san in ta kai wannan ofis za a sake buɗe fayil?" Na ce na sani. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ɗauki biro ya gyara min kalma biyu. Na jefa a akwatinsu bayan na tabbatar keken ba ya nan.

Asabar, 23 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Ba amsa.

Litinin, 25 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Ba amsa. Duk motar da ta rage gudu a layin sai na leƙa. A aji shiru.

Talata, 26 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Ruwa aka wuni yi. Wajen ƙarfe biyar aka ƙwanƙwasa ƙofa, can ƙasa, inda hannun babba ba ya bugawa. Na buɗe, Jar Hula ce ita kaɗai, ba lema, ba rigar ruwa, hular ta jiƙe ta manne mata a ka. Ta ce ta zo wurin Gimbiya. Wannan kam na gane ba sai an fassara ba. Har ta ɗaga ƙafa za ta shigo.

Na tare ƙofar da jikina.

Ban san ina da wannan a cikina ba. Na ce mata da yarensu, tsaya nan. Na ciro waya na kira lambar uwar daga guruf. Na ce 'yarki tana ƙofata, a waje take, ba ta shigo ba. Na maimaita, ba ta shigo ba. Ta ce tana zuwa. Ashe ta fito nema ta ɗaya ɓangaren, wajen makaranta.

Minti tara. Na duba agogo wannan karon. Rumfar ƙofarmu ba ta da faɗi, iska na kaɗo ruwan yana dukan bayan yarinyar. Haƙoranta na haɗuwa. Tawul na rataye a bayana, taku biyu, ban ɗauko ba, don ban san ko tawul ma sai an tambaya ba. Gimbiya ta zo ta tsaya a gefena ta cikin gida. Ta kalli ƙawarta, ta kalle ni, ta ce, "Umma, sanyi take ji." Na ce na gani. Sai ta durƙusa a bakin ƙofar, ita a ciki ƙawarta a waje, ta miƙa hannu ta ƙasan hannuna suka riƙe juna. Jar Hula ta fara zubarta. Can na ji Gimbiya ta amsa mata, a hankali, da yarensu.

Mai Keke ta iso a guje. Ta ga 'yarta a waje, ta gan ni a tsaye a ƙofa kamar mai gadi. Ta cire rigarta ta lulluɓe yarinyar. Sannan ta yi magana tana rarrabe kalmomi don in gane. Ta ce na gode, kin yi daidai. Ta ce ta karanta takardata, har yanzu ranta bai huce ba, amma ba za ta kai takardar ko'ina ba. Ta ce yaran su haɗu ranar Alhamis, huɗu zuwa biyar, a filin wasa, ita za ta zauna a wurin.

Na ce na gode. Na rufe ƙofa na je na tsaya a kicin. Na bar 'yar mutane a cikin ruwa minti tara a ƙofar gidana, kuma yau ce ranar farko da aka yaba min a unguwar nan.

Laraba, 27 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Malamar ta ce Gimbiya ta amsa tambaya ɗaya a lissafi. Na rubuta Alhamis a kalanda, huɗu zuwa biyar.

Alhamis, 28 ga wata, ƙarfe shida da rabi na yamma

An yi wasan. Mai Keke a benci ɗaya, ni a ɗayan, tsakaninmu kwandon shara. Mun gaisa da kai. Yaran suka yi ta lilo, muryar Gimbiya har ta fi ta ƙawarta tashi. Biyar daidai uwar ta miƙe, suka rabu ba rigima. Ta ce sati mai zuwa ma haka. Abin da nake roƙo ke nan sati huɗu, na samu, kuma na gode wa Allah.

A hanyar gida bakin Gimbiya bai tsaya ba. Muna cire takalmi ta ce, "Umma, yaran nan da nake ji a wayar Inna, a bakin ƙofa suke tsayawa?"

Na ce a'a, can shiga suke yi.

"Ba a kira mamansu ba?"

Na ce ba a kira.

Ta tsaya da takalmi ɗaya a hannu, fuskarta duk damuwa. Ta ce, "To ai za a kira wa Inna 'yan sanda. Ita ba ta sani ba. Umma, ki koya mata yadda kika yi ranar ruwa."

Na ce to, zan koya mata.